Madam ta ce rabon da ta ga haƙorana tun ƙaramar salla, wane wasa zan buga in yi dariya?

Salamu alaikum Yaya, ina gaisuwa. Ni ɗan Illela ne, aiki ya kawo ni Yamai, ina zaune Talladje, shekarata 28 kuma aurena bai cika shekara ba. Lissafin kaya nike yi a wani magaza na kayan gini wajen Katako, tun ƙarfe 8 na safe sai magariba nike ganin gida. In na dawo abin da nike ɗauka hutu shi ne Free Fire a waya, ran Asabar kuma eFootball a fadarmu, amma maimakon in huce sai dai kaina ya ƙara zafi. Satin da ya wuce wani yaro da bai kai ƙanena ba ya ci ni 5 da nema gaban mutane, na buga manet ɗin abokina da ƙasa ta tarwatse, jaka 15 na biya. Madam ta ce rabon da ta ga haƙorana tun ƙaramar salla, da na zauna na yi tunani kuma gaskiya ta faɗa, ko barci ma ba na samu sosai. Don Allah ka gaya min wasannin bidiyo da za su sa ni dariya. Abin da nike da shi Tecno ce mai ƙaramin memuwar, da tsohuwar kwamfuta da wana ya bar min da zai tahi Abijan, sai PS4 ɗin fada mai manet biyu. Ingilishi ba na ji, Faransanci daidai gwargwado. Kar ka ce in bar wasa gaba ɗaya, ba zan iya ba.

Ɗan Adar a Talladje

Wa alaikumus salam ƙanena. Jaka 15 a wannan marra ba ƙaramin abu ba ne, Allah ya maida alheri. Ka gaida min madam, ka ce mata ƙararta ta iso kuma ita ke da gaskiya. Ba zan ce ka bar wasa ba, ni da furfura ta fara leƙo min a gemu ban bari ba balle kai.

Zamanin PS2 ina Tawa, ni ke riƙe da ɗakin wasa na wani kawuna, tele ukku, banci biyu, da fanka guda mai kuka kamar injin niƙa. Dala ashirin ake buga mac. Na yi kusan shekara ukku ina kallon yara da samari suna shiga suna fita, kuma kullum wajen tele biyun da ake buga PES 6 nan rigima take, "ka taɓa min manet", "arbit ya cuce ni", "a sake", dambe na raba ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Tele ta ukku tana can lungu, kalarta ma ta fara komawa kore, ita na bar ma ƙanana da Crash Team Racing, tseren ƴan motocin nan da ake jifar juna da bam da kwalabe. To nan ne dariya take har mai shayi na bakin ƙofa ya leƙo ya ga mi ya faru. Wanda ya zo na ƙarshe ma shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa, don akwatin TNT ya hau mashi ka yana ta tsalle-tsalle da mota ya kakkaɓe shi bai samu ba har ya tashi da shi. A hankali sai ga manyan samarin nan masu cika baki suna zamewa lungu wai kallo za su yi, ƙarshe su kore min yara su zauna.

Ka duba abin da kake bugawa. Free Fire mutum 50 ake zubawa a tsibiri guda, in kowa kanshi yake bugawa mutum ɗaya ke tsira, ke nan 49 za su tashi da haushi kuma galibi kana cikinsu. eFootball kuma a fada ba ƙwallo ba ce, mutunci ne ake sa ma caca, in an ci ka sati guda ana maimaita maka. Kai da ka wuni kana ƙirga buhun siminti da rodi, in lissafi bai cika ba patron ya sauke maka kwandon faɗa, sai ka dawo da dare ka sake shiga wani wajen da kuskure kaɗan zai jawo maka kunya, ina hutun yake? Wasan da kake buƙata shi ne wanda in ka faɗi faɗuwar ita ce daɗin, wanda anka gina shi tun farko don komai ya lalace a hannunka.

Sai maganar harshe. In ka shiga YouTube ka nemi wasanni masu ban dariya za su jero maka su Monkey Island da The Stanley Parable da Portal 2, kuma ba ƙarya sunka yi ba, sai dai dariyarsu a baki take. Monkey Island na 1990 misali, faɗan takobin da ke ciki da baƙar magana ake cin shi, abokin gaba ya jefo maka zagi kai kuma ka nemo amsar da za ta rufe mashi baki, kamar Bagobiri da Bazabarme sun haɗu a tasha. To ɗauki ba'ar Bagobiri ka fassara ma Bature ka ga ko zai murmusa. Haka abin yake in an juyo shi wajenmu. Portal 2 kaɗai zan ce ka gwada wata rana, don an yi mashi muryoyin Faransanci kuma tun 2011 ya fito, tsohuwar kwamfuta tana iya ɗaukar shi. Sauran bar su. Kai dariyar ido za ka nema, irin wadda ko kurma ya gani zai dara.

In guda ɗaya tak za ka iya samu to ka nemi Overcooked. Wasu ƴan Ingila su biyu sunka yi shi, ya fito 2016, na biyun 2018. Wasan girki ne. Na san ka yamutsa fuska, ɗan Adar da murhu, amma saurara tukuna. Wanda ya aike ku aikin ma Sarkin Albasa ne, albasa ce sukutum da kambi a ka da karenshi Kevin a gefe, ni tun da na gan shi na ce wanga ba tambaya ɗan Galmi ne. Ku biyu zuwa huɗu ake sakawa a kicin guda, oda tana shigowa daga sama tana ƙirga lokaci, miyar albasa misali sai an yanka albasa ukku an zuba tukunya, ta dahu, a juye a faranti a miƙa, faranti ya dawo da datti a wanke. Shi ke nan fa. Ko ɗan firamare ya gane a minti biyu. Matsalar kicin ɗin ne ba ya zama waje guda, wani cikin jirgin ruwa yake yana tangaɗi tebura na zamewa, wani bisa kamiyo biyu masu gudu suna rabuwa suna haɗewa, wani kan ƙanƙara mai santsi, wani kuma ɓeraye ke fitowa su sace maka kayan miya kana kallo.

Ranar da na fara kawo shi gidana a Lazare, mu huɗu munka zauna, ni da uwargida da ƙanwarta mai karatu a jami'a da yarona ɗan shekara 9. Uwargida wadda ke dafa ma mutum goma sha kullum ba ta taɓa ƙona tuwo ba, ita ta ce a bar mata tukunya, mu mu yi yanka. Munka kai kicin ɗin jirgin ruwa. Ina cikin yanka albasa ta biyu jirgi ya karkata, teburin ya zame ya raba ni da ita, sai ihu take "Baban Ummi albasa na ce! albasa!" ni kuma ina riƙe da albasar ina zagaye ina neman hanya kamar baƙon da ya ɓace a Babbar Kasuwa. Tukunya ta fara ƙara tit-tit-tit alamar za ta ƙone, ƙanwar tana wanke faranti ba ta ko waiwayo ba, wuta ta kama, ta haye tebur na kusa, ta haye na gaba. Na ruga na ɗauko abin kashe wuta ina fesawa ta inda ba wutar take ba. Cikin wanga hargitsi miya guda ce ta tsira, yaro ya ɗauke ta da murna zai kai, ya tsaya daidai kwandon shara ya latsa, ta tahi. Ɗakin ya yi tsit kamar an yi mutuwa, sai uwargida ta aje manet a hankali ta ce "wallahi ko a gidan biki ban taɓa ganin ƴan aiki marasa amfani irinku ba", daga nan ba wanda ya sake iya magana, ƙanwar har ƙasa ta kwanta tana riƙe ciki, maƙwabciya ta aiko yarinya ta tambaya ko lafiya. Tauraro ko ɗaya ba mu samu ba a wannan zagayen, kuma har yau in miya ta yi gishiri a gidan sai wani ya ce "Baban Ummi albasa."

Amma kai da ka riga ka fasa manet guda, ka kiyaye, wasan yana iya sa mutum tsawa in ya ɗauke shi da zafi. Kowane kicin tauraro ukku ake ba wanda ya ƙware, kar ka bi su, abin da ya buɗe maka na gaba ya isa. In ka samu wanda ake kira Overcooked All You Can Eat, shi ya haɗa na farko da na biyu kuma akwai wajen da za ka sassauta lokaci ko ka tsallake kicin ɗin da ya gagare ku. Wani abin daɗi, mutum biyu suna iya raba manet guda, wanga ya riƙe gefen hagu wancan na dama, ke nan manet biyun fadarku sun ishi mutum huɗu in za su jure gogayyar kafaɗa. Doka guda munka sa a gidana, duk wanda ya yi tsawa da gaske shi zai dafa shayi.

Na biyu shi na fi so a raina, Untitled Goose Game. Wasu samari huɗu a Melbourne ta Ostareliya sunka yi shi, ya fito 2019, kahin shekarar ta ƙare sun sayar da miliyan guda. Dinya ce kai, babbar agwagwar nan mai dogon wuya, a wani ƙauyen Ingila mai tsabta inda kowa ke harkar gabanshi, aikinka kawai ka hana su sakat. Ba bindiga, ba jini, ba mai mutuwa, kai ma ba a kashe ka, iyaka a kore ka da tsintsiya ka dawo. Akwai maɓalli guda da ba ya komai sai kuka, kwaaak, kuma za ka yi mamakin irin ɓarnar da kuka kaɗai ke yi. Ana ba ka ƴar takarda da jerin ayyuka, akwai ta da Faransanci, gajeru ne: ka jiƙa mai lambu, ka sace mashi makullai, ka ja manjagara ka jefa a tabki. Dattijon nan mai lambu in ka ishe shi sai ya ɗauko allo mai hoton dinya an ja mata jan layi zai kafa, kai kuma ka laɓe bayanshi ka jira ya ɗaga guduma, daidai zai sauke ka yi kwaaak, ya dake yatsanshi. Gaba kuma akwai wani yaro mai tabarau matsoraci, ka lallaɓa ka kwance mashi igiyar takalmi, ka yi kuka ya zabura ya faɗi tabarau ya fita, ka ɗauke ka aje mashi wani daban ya lalubo ya saka. Har ƙaramin jirgin wasanshi za ka iya ɗauka ka aje cikin kayan mai shago, ya zo ɗauka ta ce sai ya biya. Zalunci ne tsantsa amma irin na ɗan akuya da ya shiga rumfar mai tumatir, haushi da dariya tare. Abin da ya sa ya dace da kai, ba agogo a bayanka, ba maki, ba wanda ke kallon ka ci ko a ci ka, kana iya minti goma kana bin mutum guda kana ɗauke mashi hula. Tun Satumba 2020 sun ƙara dinya ta biyu kyauta, kai guda madam guda, ɗaya ya ɗauke hankalin mai lambu ɗaya ya yi satar. Gajere ne, dare biyu ko ukku kun gama, wannan ne aibinshi.

Tun da na ambaci ɗan akuya, akwai Goat Simulator, na ƴan Suwidin, ya fito ran 1 ga Afrilu 2014, ranar da Turawa ke yi ma juna ƙaryar wasa, har wasu sunka ɗauka ba'a ce. Da ma da wasa anka fara shi a cikin kamfanin, sunka sa ɗan bidiyo a YouTube mutane sunka nace sai an fito da shi. Su da bakinsu sunka ce kurakuran da ke ciki ba za su gyara ba in dai ba masu kashe wasan ba ne, don nan dariyar take. Akuya ce kai, ka tunkuyi mutum ya tashi sama, ka lashi mota harshenka ya manne ta ja ka a kwalta, ka hau tsani wuyanka na lanƙwashewa ta inda wuya ba ya lanƙwasa, ka tunkuyi gidan mai ya tashi, a ba ka maki. Ko ƴan turakun Lazare ba su taɓa ganin irinta ba. Na gaba da sunka fito da shi a 2022 sai sunka sa mashi Goat Simulator 3, alhali na 2 babu shi, don dai su rikita mutane. Akwai na farkon a waya. Gaskiyata, dariyarshi mai ƙarfi ce amma ba ta daɗewa, sati guda ka ƙoshi, kuma akwai wani lungu cikin daji da sunka yi raha da tsafi, zane a ƙasa da akuya mai kamar shaiɗan, in abin bai kwanta maka ba kar ka bi ta wajen, in kuma akwai yara kusa ka sani tun yanzu.

Kwamfutar wanka kuwa kar ka raina ta, akwai abin da anka yi don irinta, Worms Armageddon na 1999. Tsutsotsi ne ƴan ƙanana masu siririyar murya suna yaƙi bisa tsibiri, bi da bi ake bugawa, kowa ya yi nashi ya miƙa ma na gaba, don haka kwamfuta guda ta ishi fada duka ba manet ba intanet. Makamansu su ne abin kallo. Akwai tunkiya da kake saki tana tsalle tana tahiya sai ka latsa ta fashe, in ba ta juyo ta dawo kanka ba. Akwai ayaba mai tarwatsewa. Akwai jakin siminti, kai da ke harkar siminti, da ke faɗowa daga sama yana daka ƙasa har ya huda tsibirin. Iska tana kaɗa harsashi, sai mutum ya gama auna bazuka da gwaninta yana cika baki ya harba iska ta maido mashi a ka. Mafi cin fuska duka shi ne ka je kusa da tsutsar abokinka da ke bakin gaɓa, duk manyan makaman nan ka bar su, ka ɗan tura ta da yatsa ta faɗa ruwa. Sirrin daɗinshi kuma kai ke sa ma tsutsotsin suna. Ku sa sunayen ƴan fada, da na mai shayi, da laƙabin da kowa ya tsana, in akwai Bafillace da Babarbare a cikinku ku tabbata kun raba su ƙungiya daban-daban, sauran aikin su za su yi shi da bakinsu.

A PS4 ɗin kuma bayan Overcooked ku nemi Gang Beasts, ya fito can a 2017. Ka san mu ƴan Tawa da kokowa, a garinmu anka fara gasar takobi a 1975, to wanga kokowa ce ta mutanen da ba su da ƙashi a jiki, kamar an cika safa da kunu an ce su yi dambe. Ka kama mutum ka ɗaga shi da ƙyar za ka jefa daga saman kamiyo mai gudu, shi kuma ya maƙale maka a wuya ku tahi tare, ko allon hanya ya zo ya share ku duka. Wanda bai taɓa riƙe manet ba yana iya kada gwani, shi ya sa ba a jin ciwon kaye. Ɗan uwanshi Human Fall Flat na 2016, wani ɗan Lituwaniya ya yi shi shi kaɗai, can ba faɗa ake ba taimakon juna ake wajen hawa katanga da jan akwati, kowane hannu da maɓallinshi, sai dai taimakon yakan ƙare da abokinka ya riƙe maka ƙafa kuna lilo a bakin rami.

Tecno ɗinka fa. BombSquad za ka fara saukewa, kyauta ne kuma ba shi da nauyi. Har mutum 8 ke bugawa, ɗaya ya buɗe partaj na wayarshi sauran su shiga, ba ya cin forfe tun da ba intanet kuke hawa ba, ko rezo ya gudu ko kuran ya ɗauke kuna nan kuna yi in dai akwai sharji. Ƴan mutane ne masu manyan kai suna jifar juna da bam, wani bam ɗin mai danƙo ya manne maka kana gudu da shi, wani ya daskarar da kai a zo a tarwatsa ka kamar ƙanƙarar mai bisap, galibi ma kai ke kashe kanka. Stumble Guys shi ma kyauta ne, mutum 32 ke tseren tuntuɓe ana zubar da su har a bar guda, amma shi sai da koneksiyo, kuma kullum yana maka tallar riguna da duwatsun saye, kar ka sa ko dala. Yana da ɗan halin Free Fire na son sai ka zo na ɗaya, in ka ji ranka ya fara ɓaci rufe shi. Na zaman jiran faba-faba kuma Hill Climb Racing ya isa, tun 2012 yake, ba ya son intanet, mota da direba mai wuyan roba, ka taka mai da yawa ta kife ka ji ƙas.

Akwai biyu da ƴan fada za su ce ka gwada, ni na ce a'a. Getting Over It na 2017, mutum ne zaune cikin tukunya yana hawa dutse da guduma, ba wajen da ke tare ka in ka faɗo, kuskure guda ya maido ka ƙasa bayan awa biyu kana fama, mai wasan kuma ya dinga yi maka falsafa da sanyin murya. Masu kallo ke dariya, mai bugawa waya yake fasawa, kai kuma mun ga tarihinka. Among Us da ya yi tashe a 2020 lokacin korona yana da daɗi, amma gininshi kan ƙarya da zargi yake, a fadar da da ma akwai ƴar tsama sai a tashi da "ashe haka ka iya rantsuwa", bar shi sai ranka ya sauko.

Maganar kuɗi, ban da BombSquad da Stumble Guys da Hill Climb sauran da na ba ka shawara na saye ne. Na PS4 ku yi karo-karo a fada ku tambayi masu sayar da kaset na hannu, ko ku yi musanya da wanda kunka gaji da shi. Na kwamfuta kuma Steam, kasuwar wasanni ta intanet, tana karya farashi sosai wajen ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, tsofaffi irin Worms da Portal 2 sukan faɗo ƙasa warwas, in kana da wani mai kart ɗin banki ya saya maka ka ba shi kuɗin a hannu. Na san za a ce ka kawo waya a zuba maka "mod" kyauta, wato wasan da wani ya buɗe ya canza, ni dai ba na ba da wannan shawara, wayar da kuɗinka ke ciki da hotunan iyalinka ba wajen zuba abin da ba ka san wanda ya taɓa shi ba ne. Kahin ka yi telesharje ka duba nauyin wasan da lambar shekarun da ke jiki, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, saboda ƙannen da ke ɗaukar waya.

Yanzu bari in taɓa abin da ka faɗa a gurguje ka wuce, barci. Free Fire har ƙarfe 1 ko 2 na dare jini na tafasa sannan ka ce ido ya rufe, ba zai rufe ba. Ka yi sati biyu ba ka buɗe shi bayan isha'i ba ka gani. In ka yi haka, ka canza wasannin, amma har yanzu barci bai zo ba, abinci ba ya maka daɗi, abin da da kake so duk ya fita ranka, to wannan ya wuce maganar dinya da akuya, ka tahi likita ka faɗa masu kamar yadda ka faɗa min, ba abin kunya ba ne kuma ana samun sauƙi. Sannan madam. Ba ka ce min ƴar ina ce ba, amma in daga gida ka kawo ta, ka tuna ita ma baƙuwa ce a Yamai, ta wuni ita kaɗai tana jiran magariba, ka shigo ka sa ekuter a kunne kana yi ma wasu ƙattin da ba ta gani tsawa. Da ta ce ba ta ga haƙoranka ba, ba lissafin haƙora take ba. Duk wasannin da na fi daɗewa a kansu a sama na mutum biyu ne, da gangan na yi. Farko za ta ce ita ba ta iya ba, kar ka karɓe manet ɗin ka nuna mata, bar ta ta faɗa ruwa da kanta sau goma.

Ran Asabar ka ɗauki kwamfutar ka kai fada da Worms a ciki, kahin a kunna PS4. Yaron nan da ya ci ka 5 ka ba shi ƙungiya, ka sa ma tsutsarshi guda suna Biyar-da-nema, ka lallaɓa ka same ta a bakin gaɓa ka tura ta da yatsa. Ka rubuto min yadda fuskarshi ta yi. Ku kuma shimfiɗa tabarma mai kauri gaban tele, don manet ta yi tsada.